Kada da Igiya

Ran da Barau ya ce in raka shi kasuwar Sabon Gari
na zaci zarto za mu saya.
Ya wuce masu zarto ko waiwaye babu,
ya tsuguna gaban mai gwanjon ƙarafa,
ya ce, "Tanimu, mai hawa ransa yake ciniki,
sauran duk cikon kaya."

Na ɗauko wata ƙugiya mai sheƙi, ja kamar gauta.
Ya ja bakinta, ya saki, ya kara kunne.
"Ka ji? Ba ta ce ƙas ba.
Ƙofar da ba ta iya rufe kanta
ba a ba ta amanar ɗan mutum a kan bishiya."

Ya zaɓi wani mai haƙora, kada muke ce masa:
tura shi sama, ya bi ka salin-alin,
sakar masa nauyi, ya dantse.
Sai wani mai santsi don saukowa,
yana sakin igiya kaɗan-kaɗan
kamar marowaci a bakin aljihu.
Ya shafa cikinsu da babban yatsa, yana neman kaifi.
"Kowane kada da kaurin abincinsa.
Ba shi siririya, ya haɗiye babu tauna,
ba shi mai kauri, ya shaƙe a tsakiya."

Hawana na fari a Kwarbai ne.
Rimi ne da ya girmi kakan mai gidan,
reshe guda ya bushe, ya sunkuyo kan ɗakin Iya Dudu.
Da hadari ya haɗo sai ta naɗe tabarma
ta je kwanan aro gidan maƙwabciya.

Sau huɗu Barau na jefa 'yar jakar yashi
kafin zare ya ratsa gwafa.
Muka rataya mu biyu, muka yi lilo,
reshen ko tari bai yi ba.
Ya ɗaure mini ɗamara har ta matse cinya,
sannan ya nannaɗa ɗan ƙulli a saman kada.
Na ce, "Ga ƙarfe, me zan yi da ƙulli?"
Ya ce, "Mai ƙafa biyu ba ya raina sanda ran santsi."
Yara suka kwashe da dariya.

Tura, taka, miƙe.
Tura, taka, miƙe.
Katangu suka ƙanƙance, kiran masu talla ya yi nisa,
shirwa ta gifta ƙarƙashin tafin ƙafata,
ga Kufena can a zaune, ba ruwansa da kowa.
Audugar rimi na tashi, tana manne min a gira,
ban san tana shiga wani wuri ba.
Ni dai ina ƙirga rufin kwanon Zariya.

Sai kada ya saki.

Kamu ɗaya na zame, ko biyu,
cikina ya rigaye ni isa ƙasa,
salati ya maƙale min a maƙoshi.
Ƙullin nan da na raina ya shaƙe wuyan igiya,
ya riƙe ni ina reto kamar guga a rijiya.

Daga ƙasa ba ihu, ba faɗa.
"Huta. In gwiwarka ta daina rawa,
akwai reshe yana jiranka."
Na yanka shi gaɓa-gaɓa, muka zuro kowace da sannu,
ko kwano ɗaya bai lotsa ba,
ko tukunya ɗaya ba ta fashe ba a tsakar gida.
Na sauko, ƙarfen na ƙuna a hannuna,
ƙasa ta karɓe ni lafiya.

Barau bai dube ni ba, kadan ya buɗe.
Auduga ta toshe haƙoran, ta yi musu kirtani.
Ya zauna yana sakace su ɗai-ɗai
da tsinken tsintsiya.

Sannan ya bi igiyar da yatsu, ido rufe,
taƙi bayan taƙi, har ya tsaya inda ta kurje.
Kuɗin aikinmu na sati uku.
Ya zaro wuƙa, ya raba ta biyu,
ya miƙa wa Iya Dudu guntun,
ya ce, "Ta gama da mutane.
Ɗaure akuya."